Sandar da ba ta san mai ita ba

A duk kayan duka da ɗan Adam ya ƙago, ban san wanda ya kai nancaku rashin kunya ba. Gora tana jin maganar mai ita. Kulki ma haka, inda ka nufa da shi nan zai sauka. Ita kuwa wannan guntayen itace biyu ne da aka haɗa da igiya ko sarƙa, ɗaya yana hannunka, ɗayan yana hannun Allah. Mutum na farko da take bugu shi ne wanda ya ɗauke ta, kuma ba ta yi masa rangwame don shi ya sassaƙa ta.

Ni tela ne a Tamale, shagona ba shi da nisa da kasuwar Aboabo. Kwana uku a mako, bayan la'asar, nakan rufe keke in tafi filin wata makaranta in koya wa yara kareti. Na kusa shekara 20 ina wannan, kuma babu shekarar da wani yaro bai matso kusa da ni ya rage murya ya ce, “Masta, yaushe za a fara koya mana sanda mai sarƙa?” ba. Da yake ni ma tambayar da na yi wa nawa maigidan ke nan, ba na yi musu dariya.

Mu a garin nan fim ne ya kawo mana ita. Yayyenmu sun gan ta a sinimar Victory da Rivoli, mu kuma muka tarar da ita a gidajen bidiyo, inda ake jera benci a ɗaki mai zafi kamar tanda, a biya ’yan kuɗi a ƙofa. Bruce Lee, wanda muke kira Burusli, shi ne ya raba mu da ƙotocin fartanyar gidajenmu. Ya juya ta a Fist of Fury da Way of the Dragon a 1972, ya sake a Enter the Dragon a 1973, shekarar da ya rasu a Hong Kong yana da shekara 32. Abokinsa kuma ɗalibinsa Dan Inosanto, Ba’amurke ɗan asalin Filifin, shi ya nuna masa ita, kuma su biyun sun kara da ita a Game of Death, wanda bai fito ba sai 1978. Lokacin da muke ihu a kan benci muna kiran sunansa, mutumin ya fi shekara goma a kabari, yawancinmu ba mu sani ba.

Akwai wani wuri a Way of the Dragon da nake so kowane yaro ya kalla sau uku. A lungun bayan gidan abinci a birnin Rum, ɗaya daga cikin ’yan iskan da suka zo faɗa ya ɗauki nancaku yana kwaikwayon Burusli, sai ya buga wa kansa. Ɗakin bidiyo yakan ɗauka da dariya. A duk fim ɗin nan ne aka faɗi gaskiya tsagwaronta, amma ba wanda ya taɓa fita daga ɗakin yana ganin shi ne wancan mutumin. Kowa Burusli ne. Ga shi kuma finafinan Hong Kong na lokacin sai an gama ɗauka ake sa musu sauti, wato wannan ƙarar iska mai daɗi da muke ji ba daga sandar take fitowa ba, kuma duk wanda ya faɗi an riga an gaya masa inda zai faɗi.

Asalinta daga tsibirin Okinawa ne, a kudancin Japan, cikin tsohon wasan makamansu da suke kira kobudo, inda ake koyon ta tare da doguwar sanda da lauje. Masana ba su haɗu a kan mafarinta ba. Wasu sun ce daga abin bugun hatsi ta fito, wasu sun ce daga linzamin doki na itace da mutanen tsibirin suke amfani da shi. Ni dai duk lokacin da na bi hanyar Walewale da kaka na ga ana bugun shinkafa da sanduna a fadamar Nasia, zuciyata takan karkata ga masu maganar hatsi, ko da yake wannan son rai ne irin na jikan manomi.

Abin da ya sa take cin mai ita a fili yake, in an tsaya an duba. In ka bugi abu da gora, ƙarfin dukan yana dawowa cikin hannunka, hannun ya shanye shi, gorar ta tsaya. Igiya ba ta mayar da komai. Guntun da ke sake, da zarar ya haɗu da abu mai tauri, sai ya yi tsalle ya dawo ta inda ya ga dama, kuma yawanci inda ya ga dama shi ne yatsun da ke riƙe da ɗan’uwansa, ko goshi, ko baki. Yaro zai yi wata guda yana juya ta a iska har ya ga ya iya, ran da ya gwada ta a jikin bishiyar darbejiya ran nan zai san bai fara ba. Ko a iskar ma tana da wuraren da ta fi so. In an wurga ta ta kan kafaɗa za a cafe ta ƙarƙashin hammata, ƙeya ce a kan hanya. In an juya ta a gefe, gwiwar hannu ce, daidai jijiyar nan da in an taɓa ta sai ka ji kamar lantarki har ƙaramin yatsa. In an sauke ta ƙasa, ƙwauri ne da ƙoƙon gwiwa, da wani wurin da maza suka sani ba sai na faɗa ba. Gwiwar hannuna ta dama har yau tana gaya mini in hadari ya haɗu.

Ta gaske tana da awo. Kowane guntu kamar santimita 30 ne, wato daga tafin hannu zuwa gwiwar hannun mai ita, igiyar kuma faɗin tafin hannu kawai. Ta zangon nan ba ruwanta da awo. A yanke ƙotar fartanya biyu, ko a saci muciya, a samo sarƙar keke ko ta kare, a kafa ƙusa a kan itacen, shi ke nan. Sarƙar takan yi tsawo fiye da kima don yaro yana ganin haka ta fi ban tsoro, sai guntun ya riƙa yawo kamar akuyar da ta tsinke. Mafi muni ita ce ƙusar. Duk kafinta ya san ƙusar da aka kafa a kan itace, ta bi tsawon jijiyarsa, ba ta riƙo. Kowane juyi yana ɗan zaro ta. In hunturu ya shigo itacen ya bushe ya tsattsage, sai ramin ya buɗe. Sa’annan a hunturun ne kowa yake shafe hannu da man kaɗe saboda kaushi, ga santsi. Da bazara kuma, a watan Maris da zafin Tamale yakan kai awo 40, gumi ne yake yin aikin man. Ko dai itacen ya rabu da sarƙa, ko duka ta rabu da hannu, kuma abin da ya tashi ba ya tambayar wa ke zaune a tsakar gida.

Gidajenmu kuwa na haya ne, ɗaki goma, tsakar gida ɗaya. Ga igiyar shanya, ga kurfoti da tukunya a kai, ga masu rarrafe. A irin wannan gida ne, a unguwarmu, wani saurayi yake gwada tasa da yamma, guntun ya fice ya sami ƙanen abokinsa, yaro ɗan shekara tara, a gefen kai, tsakanin ido da kunne. Yaron ya faɗi, ya ɗan yi shiru, ya tashi ya yi kuka, aka shafa masa man zafi a ƙulun, aka saya masa alewa don kada ya faɗa wa uwarsa. Ya ci tuwonsa. Bayan isha’i ya ce kansa yana ciwo, ya yi amai, ya sake yi, ya kwanta. Uwar ta ɗauka zazzaɓin sauro ne, don babu wanda ya gaya mata komai. Allah ya sa wata maƙwabciya da ke aikin jinya ta leƙo, ta ga yaron ba ya tashi sosai in an tashe shi, ta haska idonsa da fitilar waya ta ga baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa. Ita ta tsare samarin da tambaya har suka faɗi gaskiya. Aka sa shi a yalo-yalo cikin dare. An yi masa aiki a ka, ya rayu, yana nan yana zuwa makaranta da tabo kamar ƙugiya a saman kunne.

Daga baya matar ta zaunar da ni ta yi mini bayani, don ta san ina tara yara. Ta ce ƙashin kai a daidai wurin nan ya fi ko’ina rashin kauri, kuma a ƙarƙashinsa akwai jijiyar jini. In ƙashin ya tsage ya yanke ta, jinin ba shi da hanyar fita, sai ya taru tsakanin ƙashi da fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, yana danne ta a hankali. Shi ya sa mutum zai iya tashi ya yi magana, ya ci abinci, a ce ai ya warke, bayan ’yan sa’o’i kuma ya tafi. Wannan ɗan lokacin da yake kamar lafiya lau shi ne lokacin kai shi asibiti. Ta ce duk wanda aka buga a ka ya suma ko na ɗan lokaci ne, ko yake ta amai, ko ciwon kan yake ƙaruwa, ko barci yake rinjayarsa, ko ya rikice bai san inda yake ba, ko hannu ko ƙafa ta yi sanyi, ko ya yi jijjiga, ko jini ko ruwa ya fito ta kunne ko hanci, to ba a jiran gari ya waye. A kira 112 ko a nemi abin hawa. Kada a ba shi asfirin, don yana hana jini daskarewa. Mu da ke cikin gari ma da sauƙi, babban asibitin koyarwa yana nan kusa. A tuna da yaron da ke ƙauye bayan Karaga ko Gushegu, wanda shi ma yana kallon bidiyon nan a wayar yayansa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin nan ita ce alewar. Guntun itacen ya yi nasa, amma ɓoyon ne ya kusa kashe yaron, kuma tsoron duka ne ya kawo ɓoyon.

A kan wannan muka saɓa da yayana. Ɗansa na biyu yana cikin ɗalibaina, yana da shekara 14, kuma bayan abin da ya faru uwarsa ta tsinci wata a ƙarƙashin katifarsa, ta sarƙar babur. Yaya ya jefa ta a masai, ya zane yaron, sa’annan ya zo shagona ya tsaya a ƙofa ko zama bai yi ba.

“Daga yau kada in sake jin ya je filinka.”

Na ce, “Yaya, zauna mana. Ai ni ban ba shi ita ba.”

“Na sani. Amma kai ka buɗe masa ido. Yau sanda ce, gobe adda, jibi wani ɗan siyasa ya ɗauke shi a bayan mota.”

Ban ga laifinsa ba. Wanda ya zauna a garin nan a 2002, bayan kashe Ya-Na Yakubu Andani na biyu a Yendi a watan Maris, ya kwana cikin dokar hana fita ya ga sojoji a kan titi, ba ya son ganin komai a hannun saurayi in ba alƙalami ba. Sai a Janairun 2019 aka naɗa sabon Ya-Na, kuma a shekarar ce majalisa ta yi dokar haramta ƙungiyoyin ’yan bangar siyasa. Tsoron yayana yana da tushe. Na kuma yarda da shi cewa abin nan makami ne, duk wanda ya ce kayan wasa ne ƙarya yake. Dokar laifuffuka ta Ghana ta 1960, a sashe na 206, ta hana yawo da makami a bainar jama’a ba tare da izini ko ƙwaƙƙwaran dalili ba, kuma yaron da aka kama da ita soke a ƙugu daren Bugum, cikin turmutsutsun masu wuta, ba zai gamsar da ɗan sanda da zancen Okinawa ba.

Inda muka rabu shi ne maganin. Manyan ƙasashe sun gwada hanyar Yaya. Jihar New York ta haramta mallakar ta a 1974, lokacin da zazzaɓin Burusli ya kama samarinsu, dokar ta zauna har Disambar 2018 da wata kotun tarayya ta soke ta, bayan wani lauya mai suna James Maloney ya shafe shekaru yana shari’a. A Ingila masu tace finafinai sun yi ta yanke duk inda ta fito har zuwa 1999, har zanen yara na kunkuru huɗun nan bai tsira ba. A Kanada da Jamus haramun ce. Su ƙila abin ya yi musu aiki, tunda sai an je kanti an saya. Mu nan wa zai haramta muciya? Abin da yaro zai haɗa cikin rabin sa’a da ƙusa biyu, in ka jefa a masai ka dai koya masa ya canja maɓoya, kuma ran da ta fashe wa wani kai, zai sayi alewa.

Na ce masa, “Yaya, ka tuna takai?” Ya ce wane irin zance ne wannan. Na ce ya tuna yadda Dagwamba suke yin ta ranar Damba, maza cikin manyan batakari suna kewayawa, kowa da sandar ƙarfe a hannu, ya juya ya haɗa da ta wanda ke gabansa, ya sake juyawa ya haɗa da ta na bayansa, rigar tana buɗewa kamar laima. Ƙarfe ne fa, kuma kusa da fuska yake wucewa. Me ya sa ba a kwasar mutane zuwa asibiti duk shekara? Don babu wanda ya koyi takai shi kaɗai a bayan ɗaki. A gaban manya ake koyo, ganga ce take faɗin lokacin ɗagawa, kowa ya san tazarar da ke tsakaninsa da na kusa, wanda ya yi gaggawa kuma a fitar da shi daga da’ira. Bai ce na yi gaskiya ba, yayana ba ya faɗin haka. Ya dai zauna, ya sha ruwa, ya ce zai yi shawara da Hajiya.

Ni a filina ba a taɓa itace sai an shekara. Ta koyo ni nake haɗa ta: siririn fayif ɗin roba na ruwa, a naɗe shi da soson katifa mai kauri, in ɗinka masa riga da ƙyallayen da suka rage a shago, igiyar nailan kuma ta ratsa ta ramuka biyu a gefe a ƙulle ta, babu ƙusa babu sarƙa. Tana da zafi in ta sami mutum, kuma haka nake so, don wadda ba ta da zafi sam takan koya wa yaro sakaci. Kafin a fara kowa ya miƙo tasa in ja igiyar in duba inda take gogar baki, nan take fara cinyewa. A wanke hannu da sabulu a goge. In ja layi a ƙasa, tsakanin kowane yaro da na kusa da shi taku huɗu na babba, ƙananan da suka zo kallo kuma su koma bayan katanga, don su ne ba sa ganin haɗari sai sun shigo cikinsa da gudu. Ba a yi a ɗaki, saboda fanka da ƙwan lantarki da rufin da ke kusa. Ba a yi in duhu ya fara.

Watannin farko ba abin burgewa a ciki. Riƙo ne, kusa da ƙarshen itacen in ana son nisa, kusa da igiya in ana son juyi. Sai bugu ɗaya daga sama zuwa ƙasa, a bar ta ta ƙare tafiyarta a gefen cinya maimakon a fizgo ta, sai koyon tsayar da ita. Tsayarwar nan ita ce karatun gaba ɗaya, kuma ita ce ba a nunawa a TikTok, inda ake yanke duk wurin da mai yi ya sha a ƙeya a bar daƙiƙa 15 masu kyau. Hagu da dama daidai, a hankali kamar mai jan ruwa a rijiya. In na ga kafaɗar yaro ta fara sauka na karɓe, domin yawancin raunin da na gani a ƙarshen darasi ne, lokacin da hannu ya gaji zuciya ba ta gaji ba. Rabin yaran sukan gudu kafin wata uku, su ce ba wannan suka zo nema ba. Ba na bin su, amma nakan aika wa iyayensu cewa su duba ƙarƙashin katifa.

Akwai darasin da nake yi ba sanda a hannun kowa, kuma shi ne na tilas. In haƙorin babba ya fita, a ɗauke shi ta kansa ba ta saiwa ba, a sa a madara, a nufi likitan haƙori cikin sa’a guda, sau da yawa ana iya mayar da shi. In ido ne, kada a murza, kada a ɗiga nono ko ruwan sukari ko tozali, a rufe shi da abin da ba zai danna ba a tafi. In yatsa ko gwiwar hannu ta kumbura ba ta lanƙwasuwa, a fara ɗaukar hoto kafin a je wurin maɗori. Ina girmama maɗoranmu, sun ɗora ni na warke, amma karayar da ta shiga gaɓa da ɗaurin da ya matse har yatsu suka yi sanyi suka canja launi sun raba yara da hannuwansu a arewacin nan. Sa’annan in sa su maimaita alamomin bugun kai har su haddace kamar karatun allo. Doka ta ƙarshe kuwa na faɗa wa iyaye ita a gabansu: duk yaron da ya zo ya ce an bugi wani a ka, ko shi ne ya yi bugun, ba za a taɓa shi ba sai an dawo daga asibiti.

Bayan kwana tara Yaya ya aiko yaron da kansa, da sharaɗi uku. Ba zai zo da ita gida ba, ko ta soso ce. In sakamakon jarrabawarsa ya sauka an gama. Na uku kuma, ran da zai fara riƙe ta itace, shi Yaya zai zo ya zauna ya gani da idonsa. Na amsa duka. Yanzu watansa bakwai a kan soso. Hannunsa na hagu ya fi na dama tsabta, abin da ban saba gani ba, amma har yanzu yana rufe ido in ta zo wucewa ta gefen kunnensa, kuma muddin yana rufewa ba zai taɓa itace ba ko shekarar ta cika. Ta itacen tana cikin akwatin keken ɗinkina, ƙarƙashin zare, makullin yana aljihuna. Makon jiya ya zo karɓar ɗinkin babansa, na gan shi yana satar kallon akwatin.

“Baba, wai da gaske nauyinta ya ninka ta soso?”

Na ce ya fi ninki. Na miƙa masa rigunan, na ce ya gaishe da Hajiya.